Yadda Ake Zana Tsohon Ginin Ƙasa da Kalar Ruwa

Ginin ƙasa ba ya son rula. Duk wanda ya ɗauki rula ya ja wa Gidan Makama na Kano ko hasumiyar Gobarau ta Katsina layi miƙe sak, zai tashi da hoton ginin bulo da aka shafa wa jan fenti. Maginan da suka ɗora tubali a kan tubali da hannu suka yi aiki, bangonsu mai kauri ne a gindi yana sirancewa a sama, kusurwoyinsa a dunƙule suke, damina kuma ta yi shekaru tana lasar su. Abin da ke fito da irin wannan gini a takarda haske ne da inuwa, don haka yawancin bayanin nan a kansu zai tsaya.

Kalar ruwa da ake nufi ita ce ta masu zane, wadda ke zuwa a ƙananan tub irin na man goge baki ko busasshiya a ɗan akwati, ba fentin da ake shafa wa ɗaki ba.

Kayan aiki

In kuɗinka kaɗan ne, zuba su a takarda. Nemi takardar kalar ruwa mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita (300 gsm), mai ɗan kaushi, wadda aka rubuta wa Cold Pressed ko NOT a bango. Ta auduga zalla, irin Arches, tana shan ruwa a hankali tana kuma jure gyara. Canson Montval ta fi araha, ta isa koyo, sai dai kala tana saurin ɗagowa a kanta in ka sake bi da buroshi. Kwali da takardar fotokofi ba za su yi ba sam. Girman da ya dace da aikin waje shi ne santimita 28 da 38, wato kashi ɗaya cikin huɗu na babban falle, ko kuma A4.

Buroshi uku sun isa: mai tsini lamba 12 don manyan wurare, mai tsini lamba 6 don ƙananan inuwoyi, da mai faɗin baki kamar santimita 2.5. Sai fensir HB ko 2B, kilina mai laushi, salatif na takarda, falankin da ya ɗan fi takardar girma, farin faranti na tangaran don haɗa kala, tishu, kofi biyu na ruwa (ɗaya na wanke buroshi, ɗaya mai tsabta), da 'yar kwalbar feshi irin ta masu aski.

Kala shida kawai kake bukata, da sunayen da za ka gani a jikin tub: Yellow Ochre, wadda za mu riƙa kira rawayar ƙasa, Burnt Sienna, jar ƙasa, Raw Umber, ƙasa-ƙasa mai duhu, Ultramarine, shuɗi irin na bula, Cobalt Blue, shuɗin sama, da Permanent Alizarin Crimson, ja mai ruwan zoɓo. Jerin Cotman na Winsor & Newton yana da kusan dukkansu a farashin ɗalibai. Bar baƙa da fara a gida. Farin takarda shi ne farinka, baƙi kuwa jar ƙasa da shuɗin bula za su ba ka wanda ya fi na tub rai.

Lokaci da wurin zama

Je da hantsi, daga ƙarfe 7 zuwa 9 da rabi, ko bayan la'asar. Da tsakar rana inuwa takan koma gindin bango, zayyanar da ke jikin yaɓe ta lafe, ba ka ganin komai sai bango ja. Ka kuma lura da watan da kake ciki. A Kano, daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewa da kai idan ta take, sauran watanni tana karkata kudu. Ƙofar da ke kallon kudu za ta sha haske a Disamba, amma a Yuni yawancin yini tana cikin inuwa.

Zaɓi wurin da kake ganin fuska biyu na ginin, ɗaya a rana ɗaya a inuwa. Zama daidai gaban ƙofa ya fi sauƙin zanawa amma hoton kan fito a shimfiɗe. Nisa kuwa, ja da baya kamar ninki biyu na tsayin ginin, yadda za ka gan shi duka ba tare da ɗaga kai ba. Kai da takardarka ku kasance a inuwa, don rana a kan farar takarda tana kashe ido, sai ka riƙa ganin kalarka ta fi yadda take haske.

Kada ka shimfiɗa kaya kafin ka yi sallama. In gidan mutane ne, nemi iznin masu gida. A fada a tambayi dogarai, a gidan tarihi a tambayi ma'aikata, a masallaci kuma a kauce wa lokutan salla. Yara za su taru ko ka so ko ka ƙi. Ka dai roƙe su su tsaya ta baya, kar su tare maka gini.

Ɗan gwaji kafin babban aiki

A gefen wata takarda ja ɗan akwati kamar girman kwalin ashana biyu. Runtse ido ka dubi ginin har ƙananan abubuwa su ɓace, sai ka raba abin da ka gani gida uku da fensir: mai haske, matsakaici, mai duhu. Minti biyar ya isa. In hoton bai yi kyau a wannan ɗan akwati ba, kala ba za ta cece shi ba, gara ka canza wurin zama tun yanzu.

Aikin fensir

Manna takardar a falanki da salatif ta gefe huɗu. Fara da layin ido, wato layin da ke daidai da tsayin idonka a jikin ginin. Riƙe fensir a kwance a gaban idonka, ka ga inda ya yanke bango, ka ja wannan layi siriri a takarda. Duk layin ginin da ke tafiya nesa da kai, in yana sama da layin ido zai riƙa gangarowa, in yana ƙasa zai riƙa hawa, har su nufi wuri ɗaya a kan layin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zana rawanin soro a kwance saboda an san a kwance yake, alhali ido yana ganin sa a gangare.

Don awo, miƙe hannu gaba ɗaya, rufe ido ɗaya, ka auna tsayin ƙofar zaure da fensir da babban yatsa. Wannan tsayi ya zama ma'auninka: bango ƙofa nawa ne a tsaye, nawa ne a kwance, zanko kashi nawa ne na ƙofa. Kada gwiwar hannu ta lanƙwashe tsakanin awo da awo, in ta lanƙwashe lissafin ya rushe.

Sai ka riƙe fensirin a tsaye ka gwada shi da kusurwar ginin. Za ka ga bangon ya kauce wa fensirin yana komawa ciki ta sama. Zana wannan karkata yadda ka gan ta, har ka ɗan ƙara mata kaɗan, domin hannu da kansa yana son miƙar da ita. Zankwaye ma ba tagwaye ba ne: wani ya fi wani tsini, wani ruwa ya cinye kansa, wani ya ɗan sunkuya. Dubi kowanne ka zana shi shi kaɗai. Ja layi da 'yan tsinke-tsinke, kada ka danna fensir, don ramin da ya yi a takarda kala za ta taru a ciki.

Abu na ƙarshe da fensir, kuma mafi muhimmanci: shata iyakar kowace inuwa a lokaci ɗaya, ka kuma ɗauki hoto da waya. Rana tana matsawa digiri 15 a kowace awa. Wanda ya riƙa bin inuwa yayin da take tafiya zai ƙare da hoto mai rana biyu, inuwar indararo ta nufi gabas ta ƙofa ta nufi wani wuri.

Shafen farko

Kaurin kala mataki uku ne: tsinkakke kamar ruwan shayi, matsakaici kamar koko, mai kauri kamar man shanu. Shafen farko ruwan shayi ne, inuwa koko, ɗigon duhu na ƙarshe man shanu. Kullum daga tsinkakke ake tafiya zuwa mai kauri.

Jingina falankin ya ɗan karkata, kamar digiri 15 zuwa 20. Haɗa kala fiye da yadda kake zaton za ka bukata. Ga takarda mai girman da aka ambata, cokalin cin abinci biyu na kalar bango ba su yi yawa ba, domin in ta ƙare a tsakiyar bango, kafin ka haɗa wata bakin ya bushe ya bar tabo.

Fara da sama. Da hunturu saman ƙasar Hausa ba shuɗi ba ne, fari-fari ne mai ƙura: shuɗin sama kaɗan ƙwarai a can ƙololuwa, yana narkewa cikin rawayar ƙasa tsinkakkiya kusa da rufin gidaje. Sa ruwa zalla tsakanin kalolin biyu, in suka haɗu kai tsaye za su ba ka kore. Da damina kuwa shuɗin ya fi ƙarfi, kuma kana iya ɗauke gajimare da tishu tun kalar tana jiƙe.

In sama ta bushe, shafe ginin gaba ɗaya, har wuraren da za su zama inuwa, da rawayar ƙasa kashi uku da jar ƙasa kashi ɗaya. Ja buroshi daga hagu zuwa dama, ka bar ruwan kala ya taru a ƙasan layin, layi na gaba ya ɗauke shi ya gangara da shi. Kada ka koma baya. Yayin da kake saukowa, riƙa canza haɗin: ƙara jar ƙasa a nan, ɗigon Raw Umber a can, musamman gindin bango inda feshin ruwan sama da ƙafafun mutane suka dafar da shi. Bangon da aka yi wa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ya fi ja da duhu. Wanda aka yi wa laso, da ake haɗawa da katsin marina, yana ɗaukar ruwan toka, sai ka ƙara masa ɗan shuɗin bula. Bar kalar ta zarce cikin ƙasar da ginin ke tsaye a kai ba tare da ka raba su ba. Daga wannan ƙasa aka gina shi, kuma layin da ake ja a gindin bango shi ke sa gini ya zama kamar an manna shi.

Kewaye duk abin da kake son ya zauna fari, kamar farar rigar mai wucewa ko farar ƙasa da aka shafa a bakin ƙofa. In ka iso ƙasa, tsane ragowar ruwan da buroshin da ka matse. Sai ka jira. Taɓa takardar da bayan hannu: in akwai sanyi, ba ta bushe ba.

Inuwa

A nan hoton yake tashi ko ya faɗi. Haɗa shuɗin bula kashi biyu, jar ƙasa kashi ɗaya, da ɗan ƙyas na ja mai ruwan zoɓo, a kaurin koko. Gwada a kan guntun takarda da ka riga ka shafa wa kalar bango, ka bari ya bushe ka gani, saboda kalar ruwa tana yin haske sosai bayan ta bushe. Abin da ya yi daidai yana jiƙe, zai fito a koɗe. Sa shi ya ɗan fi ƙarfin yadda ranka ke so.

Shafa inuwar a bugu ɗaya da babban buroshi, ka haɗe duk inuwoyin da ke taɓa juna su zama abu guda: gefen ginin da ba ya rana, inuwar da ya jefa a ƙasa, cikin ƙofa, ƙarƙashin bishiya. Tun tana jiƙe, ɗiga rawayar ƙasa da jar ƙasa a ɓangarenta na ƙasa ka ƙyale su su bazu da kansu. Dalili shi ne, ƙasar da rana ke duka tana mayar da haske mai ɗumi cikin inuwar bango, shi ya sa inuwar ginin ƙasa take da shuɗi-shuɗi a sama, ja-ja a gindi. Wanda ya shafa toka ɗaya tun daga sama har ƙasa ya mayar da bangon siminti.

Bakin inuwa iri biyu ne. Inuwar da wani abu ya jefa, kamar ta indararo a jikin bango, bakinta kaifi ne, kuma ta fi duhu a kusa da abin da ya jefa ta. Inuwar da ke zagaya dunƙulalliyar kusurwa, ko jikin zanko, ko tulluwa, bakinta a narke yake. Don samun wannan, riƙe buroshi na biyu mai ɗanshi, ba mai ɗiga ba, ka bi bakin inuwar sau ɗaya nan take kafin ya bushe. Wannan narkakken baki shi ne babban abin da ke gaya wa mai kallo cewa ginin na ƙasa ne.

Wata riba ta wannan haɗi: ƙwayoyin shuɗin bula suna da nauyi, suna kwanciya a ramukan takarda mai kaushi su rabu da jar ƙasa, sai inuwar ta fito da tsakuwa-tsakuwa irin ta yaɓe ba tare da ka yi komai ba. Kada ka dama haɗin sosai a faranti, kada kuma ka busar da abin busar gashi, don iskar tana hana ƙwayoyin kwanciya.

Yaɓe da zayyana

Don kaushin bango a ɓangaren rana, ɗauki kala mai ɗan kauri, goge buroshin a tishu har ya kusa bushewa, kwantar da shi a gefensa ka ja da sauri. Zai taɓa tudun takarda ya tsallake ramukan. Wuri biyu ko uku ya isa: inda yaɓe ya zube tubali ya leƙo, da zirin da ruwa ya bari ƙarƙashin indararo. In tubali ya fito, ka tuna mulmulalle ne mai tsini a sama, ba mai kusurwa huɗu ba. Zana biyar ko shida, ido zai cike sauran.

Zayyanar fuskar zaure, irin dagi da takobi da zagaye-zagaye, har da keke ko agogo a wasu gidajen Zariya na ƙarni na 20, ita ce ke jan mutum ya ɓata hoto. Kada ka kewaye ta da layi. Inuwarta kawai za ka zana. In rana na zuwa daga hagu ta sama, zayyanar da ta taso daga bango tana da siririyar inuwa a damanta da ƙasanta. Wadda aka ƙwaƙule cikin yaɓe akasin haka ce, inuwarta tana cikin ramin ta hagu da sama. Yi amfani da bakin buroshi lamba 6, ka cika bayani a kusa da ƙofa, ka bar zanen yana ɓacewa yayin da yake nisa da ita. Inda aka yi wa zayyanar fenti kala-kala, kamar ƙofar fadar Zazzau ko gidajen unguwar Birni a Damagaram, sa kalolin a kan shafen farko bayan ya bushe, ka ɗan kashe kowace da ɗigon rawayar ƙasa saboda ƙura, sannan inuwa ta bi ta kansu duka.

Duhun ƙarshe da mutane

Haɗa shuɗin bula da jar ƙasa kusan daidai wa daida da ruwa kaɗan. Wannan na cikin ƙofar zaure ne, da ƙananan tagogi, da bakin indararo, da ƙarƙashin azara. Ko a cikin ƙofa kada ka cike da duhu ɗaya, bar jar ƙasa ta fi yawa ta ƙasa. Wuri mafi duhu ya zauna kusa da wuri mafi haske, a inda kake son ido ya fara sauka.

Mutum biyu ko uku suna nuna girman gini. Ba sai ka yi fuska ba, ɗigon kai da zubin riga sun wadatar, wanda hakan ya yi wa masu ƙyamar zana sura daidai. In a tsaye ka yi zanen kuma filin shimfiɗaɗɗe ne, kawunan manya duk suna kan layin ido, na kusa da na nesa, ƙafafu ne ke hawa da sauka. Wayoyin lantarki da allunan talla kuwa ganin damarka ne, amma waya ɗaya siririya takan yi wa hoto kyau.

Abin da ke lalacewa

Tabo mai kama da fure yana fitowa ne in ka sa buroshi mai ruwa a kan kalar da ta fara bushewa, sai ruwan ya ture ƙwayoyin kala gefe. Da zarar ƙyallin jiƙa ya ɗauke, cire hannu. A jikin tsohon bango irin wannan tabo wani lokaci alheri ne, yana kama da shatar ruwa, sai a bar shi.

Kala mai dauɗa tana zuwa daga haɗa fiye da kala uku, ko bin wuri ɗaya ana gogawa har na ƙasa ya taso. Shafe uku a wuri ɗaya shi ne iyaka. Canza ruwan wanki da zarar ya yi duhu.

Hunturu shi ne babban abokin gaba, don shafe kan bushe kafin ka kai ƙarshen bango. Rage girman takarda, fesa wa faranti ruwa a kai a kai, ka raba ginin bango-bango. Kana iya jiƙa bayan takardar ka kwantar da ita a kan farantin roba maimakon katako, za ta daɗe da ɗanshi. Ɗigo biyu ko uku na gilisarin daga kemis a kofin ruwa suna jinkirta bushewa, in ya wuce haka kalar za ta yi danƙo. Da damina matsalar juyewa take yi, sai haƙurin jira.

In wuri ya yi duhu fiye da kima, jiƙa shi da ruwa mai tsabta, jira daƙiƙa kaɗan, danna tishu ka ɗaga. Kada ka murza.

In ginin ba zaure ba ne

Hasumiya tana ƙara wahalar karkata. Gobarau, mai tsayin kusan mita 15, hawa-hawa take, kowane hawa ya fi na ƙasansa ƙanƙanta, sai ka auna faɗin kowanne da na gindi. Hasumiyar masallacin Agadas, mai mita 27, itatuwa ne suka tsattsaga jikinta. Bar su sai ƙarshe, kowanne ɗigon duhu da 'yar inuwarsa a bango, dukkan inuwoyin suna kallon gefe guda, suna ƙanƙancewa yayin da suke hawa. Ganuwar Kano a wuraren da ta rage ta fi kama da tudu, don haka narkakken baki ya fi kaifi yawa a jikinta. Cikin gini, kamar bakan gizon tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, akasin waje ne: yawancin takardar duhu ce, sai ka fara da shafe matsakaici mai ɗumi ka kewaye inda haske ya faɗo.

In aiki ya bushe sarai, ɓare salatif a hankali kana ja waje da hoton. Takardar da ta kumbura, fesa wa bayanta ruwa kaɗan, sa ta tsakanin fararen takardu biyu, ɗora littattafai ta kwana. Rubuta sunan ginin da unguwa da kwanan wata a baya da fensir, domin waɗannan gine-gine suna canzawa daga damina zuwa damina, wasu ma ana rushe su. Wajen sa firam, a sa kwali mai taga tsakanin hoton da gilashi don kada su taɓa juna, a kuma rataye shi a bangon da rana ba ta duka kuma ba ya jiƙa.